Katolika: Kalmar da Ta Fara da "Kowa", Aka Mayar da Ita "Mu Kaɗai"

Daga rasuwar Paparoma Francis ranar 21 ga Afrilun 2025 zuwa zaɓen magajinsa, Leo na 14, ranar 8 ga Mayu, da wuya mutum ya kunna rediyon Hausa bai ji an ce "shugaban ɗarikar Katolika ta duniya" ba. Kunnuwanmu sun saba da lafazin har ba ma jin karon da ke cikinsa. Ɗarika dai hanya ce guda a cikin hanyoyi, wato yanki. Katolika kuwa, a harshen da ya haife ta, ma'anarta "abin da ya game duka". Wanda ya ce "ɗarikar Katolika" tamkar ya ce "yankin da shi ne duka" ke nan.

Na yi wannan tsokaci a wata hira bayan ɗaurin aure, sai wani injiniya, mutum mai karatu da sanin ya kamata, ya ce da ni: "To Malam, mu mene ne namu a ciki? Sunan cocinsu ne, su ta shafa." Ban ba shi amsar kirki a ranar ba, saboda an kawo abinci. Wannan rubutu shi ne amsar. Namu a ciki yana da yawa: kalmar ta daɗe da shigowa zaurukan malamanmu ta wata ƙofa, kuma abin da ya same ta a tarihi shi ne yake samun kalmominmu na haɗin kai a gaban idonmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Asalinta

Kalmar Girkanci ce, "katolikos", daga gaɓa biyu: "kata", wato "bisa ga", da "holos", wato "dukan abu, cikakkensa". Tun ƙarni huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal yana amfani da 'yar'uwarta, "katolu", a ilimin manɗiƙi, yana nufin ma'anar da ta hau kan abubuwa da yawa, kamar "mutum", saɓanin wadda ta tsaya kan abu guda, kamar sunan wani mutum ayyananne. Babu ruwan kalmar da coci a wancan lokaci. Likitocin baya ma sun kira maganin da ake zaton yana warkar da kowace cuta "katolikon", kuma wani malami a birnin Genoa na Italiya ya raɗa wa babban ƙamusun Latin da ya kammala a 1286 wannan suna, don ya nuna cewa ya tattaro komai.

Rubutu mafi tsufa da ya haɗa kalmar da coci shi ne wasiƙar Ignatiyus, bishop na Antakiya, zuwa ga Kiristocin Simirna, garin da ake kira Izmir a Turkiyya ta yau, wajajen shekara ta 110, yana kan hanyarsa ta zuwa Rum inda aka kashe shi. Abin da yake nufi bai wuce bambancewa tsakanin jama'ar gari guda da dukan masu bi a ko'ina ba. Haka kuma ake kiran wasiƙu bakwai na Sabon Alkawari, na Yakubu da Bitrus da Yohanna da Yahuza, "wasiƙun katolika", saboda an ɗauke su a matsayin saƙo ga kowa, ba ga mutanen wani gari ba. A wannan mataki kalmar sifa ce mai nuna faɗi, ba sunan ƙungiya ba.

Ƙofar da ta bi ta shigo zaure

A nan ne injiniyanmu zai yi mamaki. Lokacin da aka shiga fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, da yawa daga mafassaran Kiristoci ne masu jin Girkanci da Suriyanci. Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, da ɗansa Ishaƙa, su ne fitattu, kuma Ishaƙan ne ya fassara littafin Aristotal da Larabawa ke kira Kitabul Ibara, inda aka yi bayanin wannan ma'ana. Kalmar da Larabci ya tsayar a madadin "katolu" ita ce "kulli", daga "kullu", wato duka, kishiyarta kuma "juz'i". Tushen nan ba baƙo ba ne a bakinmu: "kullum" ɗin da muke faɗa daga gare shi ta fito.

Shugaban Kiristocin Gabas da ke zaune a Bagadaza laƙabinsa "Katolikos", Larabawa suka mayar da shi "Jasaliƙ". Ɗaya daga cikinsu, Timotawus na ɗaya, wanda ya riƙe muƙamin daga 780 zuwa 823, ya zauna da Halifa Mahdi suka yi muhawara ta kwana biyu a kan Annabi Isa da Annabi Muhammadu, kowa ya faɗi abin da ya yi imani da shi, aka tashi lafiya. Halifan nan dai shi ne ya sa shi aikin fassara littafin Aristotal na dabarun muhawara. Sarkin Musulmin duniya na lokacin bai ga ƙasƙanci ba a ce bishop ne zai kawo masa kayan aikin jayayya.

Daga Bagadaza ilimin ya gangaro har ƙasarmu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Ahalari, ɗan littafin tsarki da salla da ake farawa da shi kafin Ishmawi da Iziyya da Risala. Mawallafinsa, Abdurrahman Al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya tsara Sullam, waƙen manɗiƙi da manyan ɗalibai ke karantawa, kuma a cikinsa akwai babin kulli da juz'i. Ashe malamin da ke zaune kan buzu a Kano ko Zariya ko Damagaram yana warware wa ɗalibai "kulli", da Fadan da ke jagorantar masu ibada suna furta "katolika" ranar Lahadi a Shendam, inda mishan ɗin Katolika suka kafa tasharsu tun 1907, kalma guda ce a bakinsu. Ɗaya ta biyo ta Larabci, ɗaya ta Latin, kuma ba su san juna ba.

Yadda aka kewaye ta da shinge

Kalmar da ta ce "kowa" tana da kwarjini, shi ya sa duk mai mulki yake kwaɗayinta. Ranar 27 ga Fabrairun 380, Sarkin Rum Tiyodosiyus ya fitar da doka daga birnin Tasalonika, ya ce waɗanda suka bi aƙidar da bishop na Rum da na Iskandariyya suke kai su kaɗai ne za a kira Kiristoci Katolika. Sauran ya siffanta su da hauka, ya hana a kira wuraren taruwarsu coci, ya kuma yi musu alkawarin horo. Daga wannan rana kalmar ta zama takardar izini da hukuma ke bayarwa. A shekara mai biyowa, 381, taron bishop-bishop a Kustantiniya ya sanya ta cikin siffofi huɗu na coci a shahadar bangaskiya da har yau ake karantawa.

Rigimar da ta fi tona asirin kalmar a Afirka aka yi ta. Bayan tsanantawar da Sarki Diyokiletiyan ya yi wa Kiristoci daga 303, cocin Arewacin Afirka ya rabe biyu. Mabiyan Donatus suka ce limaman da suka miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don tsira da rai sun zubar da limancinsu, ɗaya ɓangaren ya ce a yafe musu. Kowane ɓangare ya ce shi ne katolika. Agustin, bishop na Hippo, garin Annaba na Aljeriyar yau, wanda sabon Paparoma Leo ya fito daga ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa, ya ce katolika na nufin yaɗuwa a dukan duniya, don haka jama'ar da ba ta wuce wani lungu na Afirka ba ba ta cancanci sunan ba. Abokan hamayyarsa suka ce a'a, tana nufin riƙe dukan umarni ba tare da zubar da ko ɗaya ba, don haka tsirarun da suka tsare gaskiya sun fi taron da ya yi sassauci cancanta. Mai karatu Musulmi ya san wannan muhawara, domin ya ji irinta a kan ma'anar "jama'a": shin yawan mutane ne, ko kuwa dacewa da gaskiya ko da mutum shi kaɗai ne?

Hujja ba ta raba wannan gardama ba. A 411 aka tara bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu a Kartaj, wakilin sarki ya yanke hukunci a kan Donatiyawa, aka bi su da tara da ƙwace wuraren ibada. Agustin, wanda da farko ya ƙi a tilasta wa kowa, ya dawo yana kare tilastawar da cewa gata ce ake yi wa ɓatacce. Babban malami ne mai zurfin tunani, kuma a nan darasin yake: zurfin ilimi bai hana shi karɓar sandar hukuma ba da ta zo hannunsa.

Bayan haka sunan ya ci gaba da zama abin ja-in-ja. An rabu tsakanin Rum da Kustantiniya a 1054, amma har gobe cocin Otodoks na kiran kansa katolika a takardunsa. Bayan boren Martin Luther na 1517, wasu Furotesta sun musanya kalmar a shahadarsu da "na Kirista", wasu kuma, irin su Angilika, suka riƙe ta, suka ce ba mallakar Rum ba ce. Daga nan ne Ingilishi suka fara ƙara "na Rum" a gaban sunan.

Misali mafi ɗaci yana Andalus. A Janairun 1492 Fardinand da Isabela suka karɓi Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a can, bisa yarjejeniyar da ta lamunce wa Musulmi addininsu da masallatansu. A cikin shekarar suka kori Yahudawan da suka ƙi karɓar baftisma. A 1496 Paparoma Alekzanda na shida ya ba su laƙabin "Sarakuna Katolika". Zuwa 1502 an ba Musulmin Kastila zaɓi tsakanin baftisma da barin ƙasa, kuma daga 1609 aka kwashe jikokin waɗanda suka karɓi baftismar ma, kimanin mutum 300,000, aka fitar da su. An cika alkawarin "kowa da kowa" ta hanya mafi sauƙi: an kori duk wanda ba ya cikin lissafi.

Adalci ya sa a faɗi cewa cocin da kansa ya waiwayi wannan tarihi. Babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takarda a watan Oktoban 1965 da ta ambaci Musulmi da girmamawa, ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce. A Fabrairun 2019 Paparoma Francis da Shehin Azhar, Ahmad Al-Ɗayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi. Wanda zai karanta laifin 1492 ya rufe ido ga gyaran 1965 yana neman makami ne, ba ilimi ba.

Laifi tudu ne

Zai yi daɗi mu tsaya nan mu ce ga abin da Nasara suka yi. Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mu ma muna da kalmar da ke ɗauke da irin wannan nauyi, kuma tushenta ya cika bakinmu: jama'a, Juma'a, jami'a, ijma'i, jam'iyya, duk daga tushen Larabci guda mai ma'anar tarawa. A lura da na ƙarshen. Tushen da ya ba mu jami'a, inda ya kamata kowane fanni ya sami mazauni, shi ne ya ba mu jam'iyya, inda ake taruwa don a kayar da wasu.

A tarihinmu, shekara ta 41 bayan Hijira, wato 661, ana kiran ta Shekarar Jama'a, saboda Hasan ɗan Ali ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki don a daina zubar da jini. Sunan ya samu ne daga sadaukarwar wanda yake da abin da zai riƙe amma ya saki. Laƙabin Ahlus Sunna wal Jama'a ma a asalinsa rumfa ce mai faɗi, wadda ta ɗauki mazhabobi huɗu masu saɓani a dubban mas'aloli ba tare da ɗaya ta fitar da ɗaya daga addini ba. Duk da haka, kafin a je ko'ina sai da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Faisalut Tafriƙa don ya tsawata wa malaman da kowannensu ya mayar da mazhabarsa ma'aunin imani, yana kafirta wanda ya saɓa masa da taƙi guda.

A ƙasar Hausa ma an sha wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda mabiyansa ake kiran su Jama'a, ya yi rubuce-rubuce yana yaƙar wasu ɗalibai da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi irin na littafi ba. Da yaƙi ya kai Borno kuma, Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi ya aiko da wasiƙu yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Muhammadu Bello ya ba shi amsa, bai yarda da shi ba, amma ya kwafe maganar abokin hamayyarsa ya sa a cikin Infaƙul Maisuri, shi ya sa muke iya karanta ta yau. Malamai nawa ne a zamaninmu za su kawo hujjar wanda suke yi wa raddi cikakkiya, yadda shi mai ita zai ji ya ce lallai haka na faɗa?

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi da idonmu. Ƙungiyar da duniya ta sani da Boko Haram sunan da ta raɗa wa kanta ya ƙunshi "Jama'a" ya kuma ƙunshi "Ahlus Sunna". Ita ce ta ɗauki alhakin bam ɗin da ya tashi a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin 2011, ita kuma aka danganta wa harin babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014, inda mutum fiye da ɗari suka rasu. Wuraren ibada biyu, sunan kowannensu yana cewa "ku taru", maharan kuma suna ɗauke da sunan taruwa. Ba ina daidaita kowace ƙungiya mai "Jama'atu" a sunanta da waɗannan ba, Allah Ya kiyaye. Ina cewa ne sunan shi kaɗai ba ya tabbatar da komai.

Kada kuma ɗan boko ya yi murmushi ya ce ai matsalar addini ce. Faransa ta shelanta 'yancin ɗan Adam a 1789 da harshen da ya game kowa, amma kakannin 'yan'uwanmu na Nijar sun rayu ƙarƙashin dokar da ta ba jami'in mulkin mallaka ikon ɗaure su ba tare da shari'a ba, da aikin tilas, har zuwa 1946. Masu wannan aiki ba su ga karo tsakaninsa da shelar ba, domin a wurinsu "kowa" na nufin kowa da ya zama irinsu. Gamewar da ba ta ambaci Allah ba ita ma ta iya korar mutane daga lissafi.

Ma'aunin da ke cikin Sullam

To da me za a gane gamewa ta gaskiya daga ta bogi? Ba sai mun je nesa ba, ma'aunin yana cikin littafin da ke zaurenmu. Masana manɗiƙi sun bambanta hukunci iri biyu. Akwai wanda ake yi wa taro a dunƙule, kamar a ce mutanen unguwa sun fitar da mota daga rami: maganar gaskiya ce ko da rabinsu kallo kawai suka yi. Akwai kuma wanda ake yi wa kowane ɗaya, kamar a ce kowane ɗan Adam yana jin zafin wulaƙanci. Na farko suna kiran sa "kullu", na biyu "kulliyya". Sannan suka kafa ƙa'ida: hukunci na biyun nan misali guda tak da ya saɓa masa ya isa ya rushe shi.

Gamewar masu mulki irin ta farko ce. Tana ƙirga kawuna da faɗin ƙasa, tana cewa mu ne mafi yawa, mu ne ko'ina, kuma idan mutum ɗaya ya ɓace a cikin taron lissafinta bai canza ba. Gamewar da addinai suke da'awa a littattafansu irin ta biyu ce. Malaman usulu sun ce shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma suna kiran su "kulliyyat". Wanda ya fi kowa faɗaɗa bayaninsu, Imam Shaɗibi, a Garnaɗa ya rasu a 1388, shekara 104 kafin Sarakuna Katolika su shige ta. Idan tsare rai kulliyya ce, ran Bakatolike a Madalla yana ciki, ran ɗan Shi'a yana ciki, ran Bamaguje yana ciki. Ka cire ɗaya, ka rushe ƙa'idar da bakinka.

Saboda haka jarrabawar duk mai da'awar gamewa tana wurin mutum guda: wanda ya saurare shi sarai, ya fahimce shi, ya ce bai yarda ba. Me zai yi da shi? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, wani dattijon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum fiye da ɗari biyu, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Bai nemi kowa ya yi kalmar shahada kafin ya buɗe ƙofa ba, bai kuma bar limancinsa ba. Wannan shi ne kulliyya a aikace.

Masu suka biyu

Na san za a taso mini ta fuska biyu. Na farko zai ce wannan kira ne zuwa ga cewa duk addinai ɗaya ne. Ko kusa. Timotawus ya fita daga fadar Mahdi yana Kirista, Mahdi ya kwana yana Musulmi, kuma da a ce sun ɗauka babu bambanci a tsakaninsu da ba su ɓata kwana biyu suna muhawara ba. Wanda ya ce duk ɗaya ne bai girmama kowa ba, domin ya gaya wa Musulmi cewa tauhidinsa ado ne, ya gaya wa Kirista cewa gicciyensa ado ne. Irin wannan sassauci na 'yan taron otal, inda ake shan shayi a yi hoto a ce duk Allah ɗaya muke bauta wa sannan a watse, lalaci ne da aka yi wa rawani. Na yi imani addinina gaskiya ne kuma saƙonsa na dukan talikai ne, Bakatolike ma haka ya yi imani da nasa. Abin da nake nema shi ne kowannenmu ya riƙe da'awarsa da hujja da hali, ya sauke sanda.

Na biyu zai ce karanta littattafan wasu yana raunana imani. Ina tambayarsa: imanin Gazali ya raunana da ya zauna ya rubuta manufofin masana falsafa dalla-dalla kafin ya yi musu raddi? Imanin Akhdari ya raunana da ya mayar da manɗiƙin Bagirke waƙe? Gaskiya ne ba kowane ɗalibi ne ya kamata a jefa cikin kowane kogi ba, kuma malamai sun yi saɓani a kan wanda ya dace ya karanta manɗiƙi. Amma masu karanta wannan shafi ba yara ba ne. Likitoci ne da lauyoyi da malaman jami'a, masu yanke hukunci a kan rayukan mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Ga irinsu, jahiltar maƙwabci ba taƙawa ba ce, gibi ne a cikin aiki.

Abin da nake nema

A Ingilishi kalmar ta riƙe ma'ana ta biyu har yau: idan aka rubuta ta da ƙaramin baƙi aka siffanta mutum da ita, ana nufin mai faɗin sha'awa, wanda karatunsa bai tsaya a fanni guda ko ɓangare guda ba. Hausa ta karɓi sunan cocin ta bar wannan ma'ana a baya. Ba ma bukatar aro don cike gurbin. Malamanmu sun daɗe suna cewa "gamamme" da "keɓantacce", don haka "gamewa" ta ishe mu, mu ce wane yana da gamammen karatu. "Gama-gari" ba za ta yi ba, saboda tana ɗauke da ƙanshin abin da ba shi da daraja. Muna da sunan kishiyar ma tuntuni: kifin rijiya.

Abin takaici, kifayen rijiyar zamaninmu da yawansu masu digiri ne. Akwai farfesan da bai taɓa buɗe Risala ba amma yana da ra'ayi mai zafi a kan malaman zaure. Akwai malamin da ke yi wa "falsafar Yamma" raddi bai karanta shafi goma na ko ɗaya daga masu ita ba. Akwai ɗan Izalar da duk abin da ya sani game da Tijjaniyya daga bakin masu zaginta ya ji shi, da Batijjanen da haka yake game da Izala. Akwai wanda ya yi shekara ashirin ofis ɗaya da Kirista bai san bambancin Katolika da ECWA ba, da Kiristan da aka haifa a Kano bai san me ake cewa a huɗuba ba. Waya kuma ta ƙara zurfin rijiyar, domin Facebook da TikTok abin da ka riga ka yarda da shi suke ƙara turo maka.

Ga 'yan jarida, roƙona ƙarami ne: a ce "cocin Katolika", yadda masu shi suke faɗa, a bar "ɗarika" ga inda ta dace. Ga sauranmu kuwa roƙon ya fi nauyi. Kafin shekara ta ƙare, kowa ya nemi littafi guda na ɓangaren da ya fi ƙi, wanda su da kansu suke ɗauka da daraja, ba wanda abokan gabarsu suka rubuta a kansu ba. Ya karanta shi har ƙarshe, sannan ya sami ɗaya daga cikinsu ya maimaita masa hujjarsu, har sai ya ce masa e, haka muke cewa. Bayan nan ya yi raddinsa in yana da shi, zai ma fi kaifi.

Injiniyan da ya tambaye ni mene ne namu a ciki, na aika masa da kwafin Sullam mai sharhi, na naɗe masa shafin kulli da juz'i. Ya turo mini saƙo cewa kakansa yana da irinsa a cikin gafaka, bai taɓa sanin abin da ke ciki ba.